Cinikin Biri a Sama: Gwanjon Intanet da Rigimar Mayar da Kuɗi

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin gwanjo ya san yadda abin yake gudana. Mai gwanjo zai ɗaga kaya sama kowa ya gani, masu sha'awa su matso su taɓa, su jujjuya, su ƙwanƙwasa, sa'an nan a shiga tayi. Wannan ya ce kaza, wancan ya ɗara, har a kai ga wanda aka kasa ɗara wa, a buga ƙararrawa a sallama masa. Daga nan magana ta ƙare, domin kuwa mai saye ya gani da idonsa, jama'a kuma sun shaida. To, yau gwanjo ya tashi daga bakin kasuwa ya koma cikin wayar hannu. Kaya suna wani gari, mai saye yana wani, abin da ke tsakaninsu hoto ne da 'yan layukan bayani. Mu ɗalibai kuwa muna cikin waɗanda suka fi kowa shiga wannan harka, musamman a ƙarshen shekarar karatu, sa'ad da masu kammalawa ke karyar da katifa da fanka da risho da kwamfuta da waya ta WhatsApp, wanda ya fi tayi ya ɗauka.

Ba mu da ja a kan wannan ciniki, don yana rufa wa talakan ɗalibi asiri, mai sayarwa ya sami kuɗin mota, mai saye ya sami araha. Inda gizo ke saƙa shi ne kwana biyu bayan an sallama, sa'ad da mai saye zai bugo waya ya ce batirin kwamfutar nan ba ya riƙe caji, a mayar masa da kuɗinsa. Mai sayarwa ya ce an sallama an gama, ai shi ba kanti ba ne. Kafin a ankara an fara zage-zage, an sa hoton mutum a gaban jama'a an kira shi ɓarawo, zumuncin shekara huɗu ya tafi a kan abin da bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma har a dangana da ofishin 'yan sanda. Ra'ayinmu a kan wannan rigima ɗaya ne, kuma za mu faɗe shi tun daga farko: bayanin da mai kaya ya rubuta shi ne alƙali. In kaya sun saɓa wa bayanin, a karɓi kaya a mayar da kuɗi, ko da an rubuta cewa ba a mayarwa. In kuwa kaya sun dace da bayanin, mai saye ya riƙe abinsa, ko da zai kwana yana kuka.

Dalilinmu na farko shi ne, a kasuwa ta sarari ido ne ke tsare mai saye, sai dillali da ya san ɓangarorin biyu, sai maƙwabtan rumfa da za su ba da shaida. A intanet duk waɗannan sun kau, ciniki ya zama na biri a sama. Mai saye bai taɓa kayan ba, bai kunna su ba, bai ji nauyinsu ba. Maganar mai kaya ce ta maye gurbin idonsa, kuma a kanta ya ɗora tayinsa. Saboda haka wanda ya rubuta "tana aiki lafiya lau" ya ɗauki alkawari, alkawari kuwa kaya ne.

Tarihin gwanjon intanet kansa da wannan darasi ya soma. A watan Satumba na 1995 wani masanin kwamfuta mai suna Pierre Omidyar ya buɗe dandalin gwanjo a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda a 1997 aka sa wa suna eBay. Ɗaya daga cikin abubuwan farko da aka sayar a wurin ita ce wata 'yar tocila mai siririn haske, irin wadda malamai ke nuni da ita a allo. Ta lalace, kuma ya faɗa a bayaninsa cewa ta lalace. Duk da haka aka taya ta har dala 14 da santi 83. Bisa labarin da kamfanin ke bayarwa, Omidyar bai tsaya nan ba, sai da ya tuntuɓi mai sayen ya tambaye shi ko ya gane cewa abin ba ya aiki, shi kuwa ya ce ya sani. Ga lalataccen kaya an sayar, ga kuɗi an biya, kuma ba a ji rigima ba, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Da kasuwar ta bunƙasa sai ta tara mutanen kirki da na banza, rigingimu suka yawaita. A 1996 aka fito da tsarin da masu ciniki ke ba juna shaidar yabo ko ta suka bayan an gama. A 2002 kamfanin ya sayi PayPal, mai harkar biyan kuɗi ta intanet, a kan kimanin dala biliyan 1.5. A zamanin da Colin Rule ke jagorantar sashen sasanta masu ciniki, daga 2003 zuwa 2011, tsarin ya kai ga sauraron ƙorafi kimanin miliyan 60 a shekara, mafi yawansu kuma ana kashe su ba tare da wani ma'aikaci ya sa baki ba. Daga wannan doguwar gogayya aka tace ƙa'idar da dandalin ke bi. Mai saye yana da kwana 30 bayan isowar kaya ya kai kuka cewa sun saɓa wa bayani. Mai sayarwa yana da ranakun aiki 3 ya amsa kafin a nemi kamfani ya shiga tsakani. In ƙorafin ya tabbata, mai sayarwa ne zai biya kuɗin dawo da kaya, ya kuma mayar da kuɗin ciniki, kuma rubuta "ba a mayarwa" ba ya fisshe shi. Amma in mai saye ra'ayi kawai ya sake, wannan rubutu yana aiki, ba a tilasta wa mai kaya ya karɓa. Watau bayan miliyoyin rigingimu, iyakar da aka ja ita ce tsakanin kayan da suka saɓa wa bayani da zuciyar da ta saɓa wa kanta.

Wani zai ce ai wannan dokar kamfani ce, ba ta hau kan wanda ya sayar da wayarsa ta WhatsApp ba. To, bari mu leƙa kotu. Dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893 ta bambanta ɗan kasuwa da mutumin da ya sayar da kayan kansa. Wanda sayar da kaya sana'arsa ce, doka ta ɗora masa tabbatar da ingancinsu. Wanda ya sayar da tsohuwar motarsa ko agogonsa ba a ɗora masa wannan ba, nauyin dubawa yana kan mai saye. Amma sashe na 13 bai ware kowa ba: in an sayar da kaya bisa siffantawa, wajibi ne su dace da siffar. A 1967 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke hukunci a shari'ar Beale da Taylor. Wani mutum ya yi tallar motarsa a matsayin ƙirar Herald ta 1961, mai saye ya zo ya duba, ya biya fam 190. Daga baya aka gano ashe rabi biyu aka haɗa da walda, bayan na ƙirar 1961 ne, gaban kuwa na wata ce da ta girme ta. Mai motar bai san da haka ba, kuma ba sana'arsa ba ce, mai saye kuma ya ga motar da idonsa. Duk da haka kotu ta ba mai saye gaskiya, domin a kan siffar da aka rubuta ya dogara. Wannan doka ta 1893 tana cikin dokokin da Nijeriya ta gada daga Ingila, jihohi da dama suna aiki da ita ko da wadda suka tsara bisa tsarinta. In wanda ya taɓa mota da hannunsa ya sami wannan kariya, ina ga wanda hoto kawai ya gani?

Mu kuma ba baƙi ba ne ga wannan hukunci, don kasuwanninmu sun daɗe suna tafiya a kan fiƙihun Malikiyya. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa algus da ɓoye aibi haramun ne, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da ba a faɗa masa ba yana da zaɓi: ko ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In kuma wani sabon aibi ya auku a hannunsa, to, ko ya riƙe a rage masa ƙimar tsohon aibin, ko ya mayar ya biya abin da ya tawaya a wurinsa. An kuma ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar masa don bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Wanda ya ɗauki hoton waya ta ɓangaren da ba tsaga, ya karkatar da ita don kada haske ya tona layin da ke allonta, ya binne jiƙaƙƙen a ƙasa ke nan. Haka nan wanda ya sa abokinsa ya riƙa ɗaga tayi alhali ba saye zai yi ba, ya faɗa cikin abin da malamai ke kira najash, wanda shari'a ta hana, dandalin eBay ma ya hana.

Amma fa kada masu saye su ji wannan su ɗauka mun ba su wuƙa da nama. Tayi a gwanjo magana ce mai nauyi, magana kuwa zarar bunu ce. A 2007 babbar kotun jihar New South Wales ta Ostareliya ta saurari shari'ar wani mutum da ya sa tsohon jirgin saman zamanin yaƙin duniya na biyu a gwanjon eBay, aka taya dalar Ostareliya 150,000, lokaci ya cika, sai ya ƙi bayarwa saboda yana da wani tayi mafi tsoka a waje. Kotu ta ce ciniki ya ƙullu, ya miƙa jirgi. Igiyar da ta ɗaure mai sayarwa kuwa ita ce ta ɗaure mai saye. Wanda zafin gasa ya kwashe shi ya taya fiye da ƙarfinsa, ko ya ga irin kayan da araha washegari, ko aka yi masa faɗa a gida, ba shi da haƙƙin ya laƙa wa kaya aibin da ba su da shi don ya kuɓuta. Ya tuna cewa tayinsa ne ya kori sauran masu so, kuma mai kayan ƙila ya riga ya bar gari.

Akwai ma masu saye da ha'inci ne sana'arsu. Wani zai karɓi waya ya cire batirinta mai kyau ya sa matacce, sa'an nan ya ce a mayar masa da kuɗi. Wani zai dawo da wata wayar dabam mai kama da ita. Wani zai yi amfani da kwamfuta ya gama rubuta kundinsa na ƙarshe, ya tuna cewa tana da illa. Masu sayarwa a eBay sun daɗe suna kukan cewa ma'aunin kamfanin ya karkata wajen mai saye, musamman tun 2008 da aka hana su ba masu saye shaidar suka. Kukan nan yana da tushe, kuma ya isa ya nuna mana cewa adalcin da ya rufe ido ya gaskata duk mai ƙorafi zalunci ne da ya sake riga.

To, yaya mai sayarwa zai yi in ƙorafi ya zo masa? Da farko ya amsa da wuri, cikin ladabi. Toshe lambar mai saye shi ne mafi munin mataki, don yana mai da mai gaskiya abin zargi, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Na biyu, ya nemi a nuna masa aibin, da hoto ko bidiyo, ya kuma tabbatar kayansa ne. Kowace waya tana da lambar shaida mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, wadda ke fitowa in an danna *#06#, kwamfuta ma tana da lambarta a jiki. Mai hankali yakan rubuta wannan lamba, ya ɗauki bidiyon kayan suna aiki kafin ya naɗe su. Na uku, ya ɗauko bayanin da ya rubuta ya ajiye kusa da ƙorafin, ya yi wa kansa hisabi. In ya ce batiri yana awa huɗu alhali ba ya rabin awa, ya san inda gaskiya take. In ya faɗa ƙarara cewa sai an jona wuta take aiki, ya tura wa mai saye wannan layi, ya ba shi haƙuri.

In laifin na bayani ne, hanya biyu ce. Ko a dawo da kaya a mayar da kuɗi duka, har da kuɗin aike, domin wanda ya jawo tafiya shi ke biyan kuɗin mota. Ko kuma, in mai saye yana son kayan, a yi masa rangwame daidai da kuɗin gyara, bayan an ji ta bakin mai gyaran da duka biyu suka yarda da shi. Kowace aka zaɓa, kada kuɗi su tafi kafin kaya su dawo a duba su. In babu yarda a tsakani, a danƙa kuɗi da kaya a hannun wani amintacce ya yi musayar. Kazalika a mayar da kuɗi ta hanyar da suka zo, zuwa asusun da suka fito. Duk wanda ya ce a tura wa ƙaninsa ko a sa a wani asusu, a yi hattara da shi, haka nan mai turo saƙon banki na ƙarya ya ce ya biya fiye da kima a mayar masa da ragowa. Bayan an gama, kowa ya rubuta cewa magana ta mutu. Waɗannan rubuce-rubuce ba wasa ba ne, don sashe na 84 na dokar shaida ta Nijeriya ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar bayanan na'ura a kotu in an cika sharuɗɗansa.

Akwai wurare biyu masu wuya da bai kamata mu tsallake ba. Na ɗaya shi ne kayan da suka ɓace ko suka fashe a hanya. A eBay nauyin nuna cewa kaya sun isa yana kan mai sayarwa, ta hanyar lambar bin sawun saƙo. Mu da muke ba direba a tasha, ya kamata a yanke tun kafin tayi wa zai zaɓi direba, wa zai ɗauki hasara, a kuma adana rasit da lambar mota. Na biyu shi ne aibin da mai kaya ya rantse bai san da shi ba. Muna iya gaskata shi, amma rashin sani yana wanke shi daga sunan maha'inci ne kawai, ba ya halatta masa kuɗin, kamar yadda bai halatta wa mai motar nan ta Herald ba. Abin tambaya shi ne ko aibin tsoho ne ko sabo, wannan kuwa aikin masana ne. In masana sun kasa rabewa, raba hasara ya fi raba zumunci.

Uzurin da muka fi ji shi ne, "Ai na riga na kashe kuɗin." Mun san halin da ɗalibi ke ciki, ba don nishaɗi yake sayar da kwamfutarsa ba. Amma kashe kuɗi ba ya sauke haƙƙi, sai dai ya mai da shi bashi. Wanda ya sami kansa a haka ya amsa cewa ana binsa, ya sa ranar biya, ko da kaɗan-kaɗan ne. Mafi alheri kuma, kada mai sayarwa ya taɓa kuɗin sai mai saye ya ce ya gani ya gamsu.

Ga masu garzayawa wurin 'yan sanda kuwa, muna tunatar da su cewa sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, da sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020, sun hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Wanda ya karɓi kuɗi ya ɓace, ko ya aiko da kwali cike da yashi, wannan ɗan damfara ne, a kai shi. Amma saɓani a kan ƙarfin batiri magana ce ta sulhu, in ta faskara a je kotun ƙananan ƙararraki, irin wadda aka buɗe a Legas a 2018 da Kano a 2019. Kwana ɗaya a bayan kanta yana iya ɓata wa ɗalibi suna har ƙarshen rayuwarsa, kuma ba ya gyara waya.

Kada wani ya ce wannan rigima ta mutum biyu ce, ba ruwan sauran jama'a. A 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya sami lambar Nobel a 2001, ya yi nazarin kasuwar tsofaffin motoci ya nuna abin da ke faruwa in mai saye ba ya iya bambance mai kyau da mai aibi. Kowa zai riƙa taya kaya da farashin mai aibi don tsoron a cuce shi, masu kayan kirki su ga ba riba su janye, kasuwa ta rage sai tarkace. Duk ɗalibin da ya ɓoye tsaga ya ƙi mayar da kuɗi, ya rage wa katifar maƙwabcinsa daraja. Duk mai sayen da ya ƙirƙiri aibi, ya koya wa masu kaya toshe waya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai, musamman ofishin jin daɗin ɗalibai, da ta tsara 'yar gajeriyar ƙa'ida ga duk gwanjon da ake yi a tsakaninmu. Mai kaya ya faɗi shekarun kayansa, da duk gyaran da aka taɓa yi musu, da duk aibin da ya sani. Mai saye ya sami kwana 3 na dubawa, bayansu ba ƙorafi sai a kan abin da aka ɓoye da gangan. Kaya masu tsada a ajiye kuɗinsu a hannun amintacce har kwanakin su cika. A kuma naɗa kwamitin sulhu na mutum uku, a sa ɗaliban sashen shari'a a ciki, su ma su fara gwada abin da suke karantawa. Wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi ko izinin hukuma, takarda ɗaya ce da niyya.

Mu da ake sa ran gobe za mu riƙe baitulmali da kotuna da asibitoci, a kan fanka da waya ake fara auna mu. Mai kaya ya faɗi aibin kayansa kafin a taya, mai saye ya tsaya a kan tayinsa bayan an sallama. Allah ya sa mu ji, mu kuma yi aiki da abin da muka ji.